Tarihin Baƙon Abinci: Iri Ya Iso, Sani Ya Makara



Yau hirarmu a kan abinci take. Kun san halin ɗan Adam game da abin da bai saba ci ba. Wani in ya ga baƙon abinci sai miyansa ya tsinke, ya ce a ɗiba mishi ya ɗanɗana. Wani kuwa sai ya kau da kai, ya ce abin da kakansa bai ci ba shi ma ba ya sa shi a baki. Alhazanmu da ƴan cin rani da sunka je Makka, ko Legas, ko Abijan, kowa yakan komo da labarin abin da ya ga ana ci a can, mu kuma mu yi ta mamaki.

To, mai cewa sai abin da kakansa ya ci, bari mu tambaye shi: wane kakan? Ku duba kayan da uwargida ke tarawa in za ta ɗora tukunya. Ga tomati, ga barkono, ga tattasai, ga man gyaɗa, ga garin masara. A kasuwa ga rogo, ga dankali, ga gwanda da abarba. Shekara 600 da sunka wuce babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a ƙasar Hausa. Babu su a Afirka duka, babu su a Turai, babu su a ƙasashen Larabawa. Dukansu daga nahiyar Amurka sunka fito. Gero, da dawa, da wake, da kuɓewa, da kuka, da kwaruru, su ne ƴan gida na asali. Sauran baƙi ne da sunka daɗe har anka manta da baƙuncinsu.

Ashe kakanninmu ma sun ɗanɗana baƙon abinci, kuma mun ci amfanin ɗanɗanawarsu. Amma tarihin yana da wani gefe da ya kamata ku sani. Sau da yawa iri yakan tsallake teku shi kaɗai, ya baro sanin yadda ake sarrafa shi a baya. Inda haka ta faru, mutane sun biya da lafiyarsu, wasu da rayukansu. Ga yadda abin ya gudana.

Mai neman yaji ya ɓata hanya

A zamanin da, Turawa suna sayen kayan yaji daga Indiya da tsada ƙwarai, ta hannun fataken Larabawa da na Italiya. Wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Kiristof Kolomb ya ce tun da duniya a kewaye take, in ya nufi yamma zai ɓullo Indiya ta baya. Sarakunan Isfaniya sunka ba shi jirage 3. Ran 12 ga Oktoba 1492 ya sauka a wani tsibiri, yana tsammani Indiya ya iso. Ashe wata nahiya ce da Turawa ba su san da ita ba, cike da mutane masu gonakinsu da garuruwansu da sarakunansu. Ita ce anka sa ma suna Amurka daga baya.

Yajin da ya tafi nema bai same shi ba. Ya tarar da wani ɗan itace ja mai zafi a baki, ya kwaso. Shi ne barkono. Bayansa jiragen Isfaniya da na Fotugal sunka yi ta kai da kawowa, suna ɗauke da masara, da gyaɗa, da rogo, da tomati, da taba. Ƴan Fotugal sunka sauke wasu a bakin tekun Afirka, inda suke sayen bayi. Wasu kuma sunka biyo ta Bahar Rum da ƙasar Masar. Masana harshe suna ganin sunan masara ma daga Masar ya fito, don ta wajen gabas ta shigo mana. Tomati kuwa har yau da sunansa na gida yake yawo, don mutanen Meksika na da "tomatl" suke ce mishi.

Yadda Turawa sunka ji tsoron dankali

Akwai abin da muke ce ma dankalin Turawa, wanda a kasuwanninmu ake kira kwambitar. Sunan nan ya ba Turawa abin da ba nasu ba ne. Manoman duwatsun Andes, a ƙasashen Peru da Bolibiya na yanzu, su sunka fara noma shi, fiye da shekara 7,000 da sunka wuce. Sojan Isfaniya sun ci daular Inka ta wannan yanki daga 1532, kuma wajen 1570 dankalin ya iso Turai.

Da ya iso, talakawan Turai da yawa sunka ƙi shi. Sun ga abu mai ƙuraje-ƙuraje yana girma cikin ƙasa, sai jita-jita ta bazu a Faransa cewa yana kawo kuturta. Aladu ake ba shi. Tomati ma haka anka yi mishi, ana shuka shi don ado kawai. An rubuta labarinsa a Italiya tun 1544, amma sai a 1692 anka fara ganin miyar tomati cikin littafin girki, a birnin Napoli.

Kada ku yi musu dariya da yawa, don tsoronsu yana da tushe. Dankalin Turawa da tomati dangin gauta ne da yalo, amma kuma dangin zaƙami ne, wanda kun san abin da yake yi ma hankalin mutum. Ganyen dankalin nan da ƴaƴansa na sama suna da guba. Shi kansa dankalin in ya sha rana ya yi kore, ko ya yi tsiro, gubar tana taruwa a wurin. Wanda bai san wannan ba, ya ci ya yi ciwon ciki, ai dole ya ce abin mugu ne.

Yunwa da yaƙi su sunka karya wannan tsoro. A 1756 sarki Firederik na 2 na Purusiya, cikin ƙasar Jamus ta yanzu, ya ba da umurni a koya ma talakawansa noman dankali. A shekarar ce kuma anka fara yaƙin da ya kai har 1763. Cikin yaƙin, sojan Purusiya sunka kama wani Bafaranshe mai haɗa ma soja magunguna, sunansa Parmantiye. A gidan kaso dankali anka riƙa ba shi. Ya ci bai kuturce ba, ya komo gida da lafiyarsa.

Parmantiye bai tsaya ga cewa "na ci ban mutu ba". Ya auna abin da ke cikin dankalin, ya rubuta, ya bayyana yadda ake shuka shi da yadda ake dafa shi. A 1772 manyan likitocin Paris sunka yarda cewa abinci ne na mutane. Ya riƙa kiran manyan gari liyafa, ana kawo musu dankali iri-iri. Sarki Luwi na 16 ya ba shi wani fili mai rairayi a gefen Paris ya shuka. Ana ba da labari cewa da rana soja ke tsaron gonar, da dare su janye. Talakawa sunka ce abin da soja ke tsaro lalle mai daraja ne, sunka riƙa shiga da dare suna tona, suna kaiwa gonakinsu. Parmantiye ya rasu a 1813, kuma har yau akwai abincin dankali da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Paris masu ɗauke da sunansa.

Ku lura da abin da ya sa ya ci nasara. Ya haɗa abincin da bayaninsa, ya kai ma mutane su biyu tare.

Tsibirin da ya dogara ga iri ɗaya

Yanzu mu tsallaka zuwa Irlanda, wani tsibiri a yamma da Ingila, wanda a lokacin yana ƙarƙashin mulkin Ingila. Can talakawa sun rungumi dankali hannu biyu. Manyan gonaki na masu ƙasa ne, talaka ɗan fili kawai gare shi, kuma babu abin da ke ciyar da iyali a ɗan fili kamar dankali. Kafin 1845 mutanen tsibirin sun haura miliyan 8, kuma wajen miliyan 3 daga cikinsu kusan dankali kaɗai suke ci, safe da dare. Mafi yawansu iri guda suke shukawa, don ya fi yawan ƴaƴa.

Manoman Andes, masu abin, ba haka suke yi ba. Suna da irin dankali fiye da 4,000. A gona ɗaya mutum yakan cakuɗa iri da yawa, in ciwo ya kama wani, wani ya tsira. Suna kuma da dabarar ajiya. Sukan shanya dankalin a sanyin dare ya daskare, su tattake shi da ƙafa ruwan ya fita, rana ta busar da shi, ya shekara da shekaru a rumbu. Wannan sani bai hau jirgi ba.

A 1845 wani ciwon shuka ya iso Turai daga Amurka. Ganye ya yi baƙi, dankali ya ruɓe cikin ƙasa yana wari. Da yake iri ɗaya ne, ciwon bai sami abin da zai tare shi ba. A 1846 ɓarnar ta fi ta bara. Duk da haka jirage ba su daina fita da hatsi da dabbobi daga tsibirin zuwa Ingila ba, don talaka ba shi da kuɗin saye, kuma taimakon gwamnati bai kai ko'ina ba. Daga 1845 zuwa 1852 mutum wajen miliyan 1 sunka mutu da yunwa da cututtuka, fiye da miliyan 1 kuma sunka bar ƙasar. Har yau yawan mutanen tsibirin bai komo yadda yake kafin yunwar ba.

Masara da toka

Masara a kudancin Meksika anka fara noma ta, wajen shekara 9,000 da sunka wuce. Matan can ba su niƙa ta haka nan. Sai sun dafa tsabar da ruwan farar ƙasa ko ruwan toka, ta kwana a ciki, su wanke, sannan su niƙa. Ƴan Isfaniya sun ga ana haka, sunka ɗauka don tsabar ta yi laushi ne kawai. Su kuwa suna da manyan duwatsun niƙa masu aiki da ruwa da iska, sai sunka kwashi masarar sunka bar tokar.

Masara ta yi albarka a arewacin Isfaniya da arewacin Italiya, har ta zama tuwon talaka. Sai wata sabuwar cuta ta ɓullo. Fatar hannu da ta wuya, inda rana ke bugu, ta yi baƙi tana saɓa. Zawo ya biyo baya, sannan hankali ya gushe, wasu su mutu. Wani likita mai suna Gaspar Casal ya fara bayyana ta a Isfaniya a 1735. Italiyawa sunka sa mata suna pelagra, wato fata mai kaushi. A ƙidayar 1881 an sami masu ita fiye da 100,000 a Italiya. A kudancin ƙasar Amurka kuma, daga 1906 zuwa 1940, ta kama mutum wajen miliyan 3, ta kashe wajen 100,000.

An daɗe ana tsammani cutar ɗauka ake yi, ko kuma ruɓaɓɓiyar masara ke kawo ta. A 1914 gwamnatin Amurka ta sa wani likita, Joseph Goldberger, ya bincika. Ya lura cewa a gidajen marayu da na masu taɓin hankali, waɗanda ake tsare da su suna kamuwa, ma'aikatan da ke kwana tare da su kuwa lafiya lau. Bambancinsu a kwano yake. Da ya ƙara ma marayun madara, da nama, da ƙwai, da wake, sai cutar ta ɓace. A 1937 anka gano cewa rashin wani bitamin ne mai suna niyasin. Yana cikin masara, amma a ɗaure yake, jiki ba ya iya cin amfaninsa. Ruwan toka ko na farar ƙasa shi ke kwance shi. Abin da likitoci sunka shekara 200 suna nema, matan Meksika suna yin sa kullum a madafa.

Darasin a gare mu shi ne, gidan da tuwon masara ya zama abincin kullum, a riƙa haɗa shi da wake, ko gyaɗa, ko nono, ko ɗan nama da kifi in an samu.

Rogo mai ɗaci

Rogo daga dazuzzukan Barazil yake. Ƴan Fotugal sun kawo shi bakin kogin Kwango a ƙarni na 16. Yana jure fari, yana yi a ƙasar da ta gaji, yana kuma jira cikin ƙasa har ranar da ake bukatarsa. Shi ya sa ya bazu, har yau Najeriya ta fi kowace ƙasa a duniya noman rogo.

Amma rogo iri biyu ne, mai daɗi da mai ɗaci, kuma mai ɗacin yana da guba mai kisa. Mutanen Barazil na asali sun san maganinta. Sukan gurza shi, su zuba cikin wani dogon saƙi kamar na kaba, su matse ruwan gubar, sannan su soya garin a kan wuta. Wannan dabara ta daɗe ba ta zauna a yammacin Afirka ba. A ƙarni na 19 ƴantattun bayi sunka fara komowa daga Barazil zuwa Wida, da Porto-Nobo, da Legas, musamman bayan tawayen da bayi Musulmi sunka yi a birnin Bahiya a 1835, wanda har da Hausawa a cikinsa. Masana tarihi sun nuna cewa masu komowar nan sun taimaka ƙwarai wajen yaɗa aikin garin rogo. Garin da kuke jiƙawa da sukari, ko ku kwaɗa da ƙuli-ƙuli, ta wannan hanya ya zo.

Inda anka gajarta aikin kuwa, an ga sakamako. A 1938 wani likita a Kwango ya bayyana wata cuta da mutanen wurin ke kira konzo, wato ɗaurarrun ƙafafu. Mutum ya kwanta lafiya, ya tashi ƙafafunsa sun sandare, kuma ba su warkewa. A 1981 anka yi fari a lardin Nampula na ƙasar Mozambik. Sauran amfanin gona ya ƙone, rogo mai ɗaci kaɗai ya rage. Yunwa ta hana mutane jiran kwanakin jiƙo da shanya. Fiye da mutum 1,000 sunka shanye, mafi yawansu mata da yara.

Mu ma abin ya taɓa mu

Kada ku ce wannan duk labarin nesa ne. Gyaɗa, wadda wasunmu ke ce ma gujiya, baƙuwa ce daga kudancin Amurka. Ta zauna har ta ba mu mai, da ƙuli-ƙuli, da tunkuza, da labun kilishi. A zamanin Turawa ta zama kuɗin biyan haraji a ƙasar Maraɗi da Damagaram. A 1962 anka kafa kamfanin SONARA don cinikinta, kuma ita ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa waje kafin yuraniyom ya karɓe ta. Sai farin 1973 ya zo. A 1975 kuma darɓa ta yaɗa kuturtar gyaɗa a Nijar da arewacin Najeriya, gonaki sunka lalace. Wanda ya ba gyaɗa mafi yawan gonarsa ya ga abin da mutanen Irlanda sunka gani, ko da yake namu bai kai nasu ba.

Mun kuma ga ɗaya gefen. Bayan farin 1984, shugaban ƙasa Seyni Kunce ya yi kira a fita noman rani. Anka gina rijiyoyi a fadamu, anka raba iri. Ƙauyuka da yawa a lokacin sunka saba da shu, da salati, da karoti, da kwambitar. Ma'aikatan gidan gona sun bi irin da bayani, mata kuma sunka gano yadda za su sa shu cikin kwaɗo da dambu. Yau dankalin Bonkuku da na duwatsun Ayar, da tattasan Difa, kaya ne na kasuwa.

Kuma ku sani, namu ma baƙo ne a wurin wasu. Geronmu an fara noma shi a Sahel fiye da shekara 4,000 da sunka wuce, ya yi tafiya har Indiya, yau Indiya ta fi kowa noma shi. Fara da muke soyawa da yaji, Bature ya daɗe yana ganinta yana yamutsa fuska. A 2013 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da rahoto cewa ana cin ƙwari fiye da iri 1,900 a duniya. A Nuwamba 2021 Tarayyar Turai ta ba da izini a sayar da wata irin fara a matsayin abinci. Ita ma farar tana da nata sani. Wadda anka kama inda anka fesa maganin ƙwari guba ce, ko a nan ko a Turai.

Abin da za mu riƙe

Ƴan uwa, son ɗanɗana baƙon abu ba laifi ba ne. Da kakanninmu sun kau da kai, da yau babu ƙuli-ƙuli, babu yaji a miya. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Amma in an kawo muku sabon iri, ko sabon gari cikin buhun taimako, ko wani abu a gwangwani, ku yi tambaya kafin ku ɗora tukunya. Masu abin, yaya suke gyara shi kafin su ci? Da me suke haɗa shi? Wane sashe nasa suke zubarwa? In na shuka ne, iri nawa ne, kuma wane ciwo ke kama shi? Ko ya yi albarka, kada ya kori gero da wake daga gona. Matambayi ba ya ɓata.

A zamanin Kolomb matan Meksika ba su sami wanda ya tambaye su ba, balle a rubuta amsarsu a sa cikin buhun masara. Ku yanzu kun iya karatu da rubutu. Ku karanta abin da ke jikin buhu da gwangwani, har da ranar da abin ke lalacewa. In da Faransanci ne, ku kai ma malaminku na yaƙi da jahilci, ko ma'aikacin gidan gona, ko na gidan likita. Ku kuma zauna da tsofaffin garinku, maza da mata. Su sunka san kwana nawa ake jiƙa anza kafin ɗacinta ya fita, da ganyayen dajin da sunka raya mutane a shekarun yunwa, da waɗanda ba a taɓawa. Ku rubuta abin da sunka faɗa muku da sunan garinku, ku aiko mana, mu buga don na wasu jihohi su amfana.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da yunwa. Sai fitowa ta gaba.